Kurumta a Hawan Mambila

Mu mutanen Cadawa ta ƙasar Maraɗi ba mu san dutse ba sai na niƙa. In ka tsaya bayan gari ka miƙa ido, ba abin da zai tare ka sai gawo da rumbu, har inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Tudun da muke taƙama da shi na rairayi ne, jaki yana hawansa da kaya bai ma san ya hau ba. Shi ya sa duk shekarun da ake cewa wana yana zaune bisa dutse a ƙasar Mambila, can ƙarshen Nijeriya wajen iyakar Kamaru, ni abin da nake gani a raina wani ƙaton fa ne, shi kuma zaune a kai ya miƙe ƙafafu yana shan iska. Lakol ɗin da zai gyara mini wannan tunani ban daɗe cikinsa ba. Mushe, malamin bokonmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba a kai ga darasin duwatsu ba.

Wana ya bar gida a wata shekarar yunwa, ina saurayi. Wani Bafillace maƙwabcinmu ne ya ɗauke shi kiwo, suka bi shanu kudu suna neman ciyawa. Abin da ya rage na shanun ya dawo, shi bai dawo ba. Daga baya muka ji ya hau dutse, ya yi aure can, yana saida wa makiyaya kanwa da gishirin dabbobi. Sau ɗaya ya zo gida, ta'aziyyar mahaifiyarmu, sanye da wata rigar sanyi mai kauri a tsakiyar bazara. Cikin 'yan ɗakinmu ni da shi muka rage a duniya.

Wata hantsi cikin damina, ina gona ina maimai, salula ta yi kuka a aljihuna. Muryarsa ce, amma ta shige ciki, kamar ana jan tabarma bisa daɓe.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "A'a, jakina ne ya ɗauka. Ni ina buro bisa kujera ina sa hannu a takardu."

Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, na tsaya riƙe da hauya ina jiran ya gama.

"Har ka yi furfura ba ka yi hankali ba. Ka zo. Akwai maganar da zan hwaɗa maka."

"To hwaɗi mana, yaya, ga ni ina ji."

"Ba ta waya ba ce. Sai kunnenka kusa da bakina. Kada ka daɗe." Har zan mayar da salula aljihu, sai ya ƙara da cewa, "Ka zo mini da daudawar batso. Ta nan ba ta da ɗanɗano."

Wanda bai san daudawar batso ba, da 'ya'yan yakuwa ake yinta, kuma tana riga mai ita shiga gida. A miya ba ta da na biyu, a cikin kaya kuwa sai haƙuri. Matata ta ƙulle mini ita leda cikin leda, ta naɗe da tsumma, ta tura can ƙasan jakata. Na bar gona hannun maƙwabta na kama hanya.

Daga Cadawa zuwa Maraɗi, zuwa Katsina, zuwa Kano, duk gida ne. Ƙasa shimfiɗe, gero dama da hagu, ka yi barci ka farka ka tarar da abin da ka bari. Daga Kano ne na fara zama baƙo. Na ce ina kar ɗin Jalingo, suka ce wace irin aba ce kar, nan bas ake cewa. In na ce "mi" maimakon "me", sai a maimaita ana dariya. Ban damu ba, ni ma na yi wa mutane fiye da haka. Amma da muka wuce Jalingo Hausar ma ta fara ƙaranci cikin mota. Fillanci ake ta yi, ni kuwa nawa Fillancin bai wuce gaisuwa da tambayar nono ba. Na zauna da bakina a rufe, abin da ban saba ba, ina ta juya maganar wana a rai. Gonar mahaifinmu ce? Wani abu ne tsohuwarmu ta gaya masa da bai taɓa gaya mini ba? Ko so yake in ɗauko shi ya zo ya kwanta a ƙasarmu?

A garin da ke gindin dutse ruwa ya yi mana dukan tsiya muna jiran mota ta cika. Kafin gari ya waye mura ta kama ni, hanci ya toshe, kai ya yi nauyi. Motar da muka samu doguwa ce, ta tsufa, an labta mata buhuna a sama har ta karkace kamar mai ciwon kwankwaso. Aka ba ni wuri can baya jikin taga. Na ƙi yarda a ɗora jakata sama cikin ruwa, na rungume ta bisa gwiwa. Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne mai malafa, ya lulluɓa da bargo, sandarsa tsakanin ƙafafu. Muka gaisa, Fillancina ya ƙare.

Da farko na zaci hadari ne ya haɗo a gabanmu, baƙi ƙirin daga ƙasa har sama. Sai na ga hadarin yana da itatuwa a jikinsa. Ashe shi ne dutsen.

Direba ya kashe rediyo. Wata mata da take ta surutu tun tasha ta ja mayafi ta rufe fuska. Hanya ta fara naɗe dutsen kamar igiya a wuyan tulu, lanƙwasa bayan lanƙwasa, hagu bango, dama ba komai. Ni ne a daman. Na leƙa sau ɗaya na ga kan itatuwa daga sama, abin da tsuntsu kaɗai na san yana gani. Can ƙasa cikin kwazazzabo ga gawar wata babbar mota, ƙafafu sama, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginta. Kwalta ta ɓare a wurare da yawa, ruwa na gangarowa yana ratsa hanya, mota ta faɗa rami ta fito, buhunan sama su yi gefe, mu ma mu bi su. In wata mota ta taho daga sama sai direbanmu ya matsa baki-baki, har in daina ganin ƙasa ƙarƙashin tagata. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa, don kada a bar wata a baya.

A nan ne kunnena ya fara. Kamar dai lokacin da muke yara muna nutso a tabki, ruwa ya shiga ya ƙi fita. Na karkata kai na bubbuga, ba abin da ya fito. Na sa ɗan yatsa na girgiza. Kukan injin da ya cika mini kai ya ja baya, ya koma kamar daga wani ƙauye ake yinsa. Ɗayan kunnen ma ya bi. Na yi wa kaina sallama a hankali don in gwada, na ji muryata cikin tulu. Abin da nake ji sosai numfashina ne da bugun zuciyata.

A garinmu kurumta tsufa ke kawo ta, ko zazzaɓi mai zafi. Ban taɓa jin an ce hanya ta kurumtar da mutum ba. Don haka na yanke cewa tsufa ne ya zo, kuma duk ranakun Allah bai ga ranar zuwa ba sai yau, ranar da aka kira ni takanas don in saurara. Na baro gona ba a gama maimai ba, na ratsa ƙasa guda, abu ɗaya aka ce in kawo banda daudawa, shi ne kunne, ga shi ya mutu a hanya.

Ina cikin wannan sai na ga mutumin da ke gabana ya kama hancinsa da yatsu biyu, ya kumbura kumatu. Can sai wata mata ta yi haka. Sai dattijon da ke kusa da ni, shi ma ya matse hanci ya cika baki da iska, ya saki, ya dube ni ya ce wani abu.

Na ce shi ke nan, daudawa ta tona mini asiri. Ni hancina a toshe yake, ban san iyakar ɓarnar da take yi ba, amma tun da har dattijo mai kunya ya toshe hanci a gabana, abin ya kai. Na lallaɓa na zaro ƙullin daga jaka, na cusa shi cikin rigata jikin ciki, na naɗe hannuwa a kai. Na buɗe taga don iska ta shiga, wani sanyi ya shigo kamar an watsa ruwan randa, hannuwa suka yi ta nuna mini in rufe. Na rufe. Ban taɓa zama ni kaɗai kamar a cikin motar nan ba. Mutane cike, kafaɗa na gugar kafaɗa, bakuna na motsi, ni kuwa ina can ƙasan rijiya, ga wari.

Sai girgije ya sauko ya kwanta bisa hanya, muka shiga cikinsa. A wata lanƙwasa mai tsayi ƙasa ta zaftaro daga sama ta rufe rabin hanya da jar laka. Direba ya taka, mota ta yi ta karkarwa, ta hau, ta hau, ta tsaya. Na ji a jikina injin ya mutu, don kujera ta daina rawa.

Na ga direba ya juyo yana buɗe baki iyakar ƙarfinsa. Mutane suka yi ta dirowa, ta ƙofa, wasu ta taga. Ni ma na diro. Maza suka watse da gudu gefen hanya suna dube-dube a ƙasa.

To ni wannan aikin na san shi. A wajenmu, tsakanin garin Gazawa da ƙauyuka, ranar kasuwa, ba a kai wa gida mota ba ta kafe a rairayi ba. In ta kafe, maza su sauka, a tona gaban taya, a shimfiɗa kara, a koma baya a sa kafaɗa. Motar da ta tsaya a wurinmu ta tsaya ke nan, ko ka roƙe ta ba ta motsi, kana iya shimfiɗa tabarma a inuwarta ka yi barci. Da na ga mazan nan sun gudu sai na ce a raina, ashe ragwaye ne mutanen dutse. Yau zan nuna musu na Cadawa, in wanke kaina daga abin kunyar daudawa. Na zaga bayan mota ni kaɗai, na tofa yawu a hannu, na kafa ƙafa cikin laka, na sa kafaɗa.

Na tura. Sai na ji kamar ita ma tana turowa. Na ce gardama ce, na ƙara ƙarfi. Takalmina ya fara zamewa baya. Na ɗaga kai na ga mutane a gefe suna ta ɗaga hannuwa, bakuna a wage, na zaci kirari suke mini. Har na ɗan gyara tsayuwa don su gani da kyau.

Wani abu ya shaƙe ni ta wuyan riga ya fizge ni gefe. Na faɗa lambatun da ke jikin bango, dattijon nan mai malafa ya faɗo kaina. Ashe da kan sandarsa ya ƙugiyo ni. Motar ta wuce ta inda nake tsaye, a hankali, da baya, ba kowa cikinta sai direba yana ta fama da birki. Ta murƙushe takalmina ɗaya cikin laka. Mazan da na kira ragwaye suka sheƙo da manyan duwatsu a hannu suna jefawa bayan tayoyi. Ta haye na farko, ta haye na biyu, wani babba ya riƙe ta. Tsakanin tayar baya da bakin kwazazzabo bai fi shimfiɗar buzu ba.

Dattijo ya tashi, malafarsa ta yi laka. Ya kama kunnena kamar na yaro, ya sa baki ciki ya yi ihu da Hausarsa ta Fillani. Kamar daga nesa na tsinci abin da ya ce: "Baba! Nan mota baya take zuwa!"

Na ce, "Na gode, na gani."

Da na miƙe sai na ji sanyi-sanyi a cikina. Ƙullin daudawa ya fashe ƙarƙashina, ta dame da laka da ruwa, ta bi riga har wando. Na kwashe abin da ya kwasu na mayar cikin leda. Aka sauke buhuna, aka tada injin, muka bi motar a ƙasa har ta wuce wurin, ni da takalmi ɗaya. Da muka koma ciki ba wanda ya ce mini komai, ko kuwa sun ce ban ji ba. Dattijo dai ya yafa mini gefen bargonsa, ya juya fuska ɗaya gefen.

Da la'asar muka isa. Ashe bisa dutsen wata ƙasa ce guda, tuddai kore shar, shanu ko'ina, dogayen itatuwa a jere, gidajen kwano da hayaƙi na fita ta rufinsu. A tasha wata mata mai goyo ta tsaya tana duban fuskokin masu sauka. Goshin mahaifiyarmu na gani a fuskarta, na san ɗiyar wana ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, na nuna mata kunne na girgiza kai. Ta matso ta ɗaga murya: "Baffa, sannu da hanya! Yana jiranka, mu yi sauri!"

Ban tsaya wanke ko ƙafa ba. Ɗakin da duhu-duhu, kaskon gawayi a tsakiya. Wana da na sani dogo ne mai faɗin kafaɗa, wanda na tarar ƙarƙashin barguna bai fi ɗaurin kara ba. Idanun ne dai nasa. Ya ɗaga yatsa, matarsa da ɗiyarsa suka fita suka saki labule. Ya kama wuyan hannuna ya jawo ni.

Leɓɓansa suka fara motsi. Na sunkuya. Na ƙara sunkuyawa har bakinsa ya taɓa kunnena. Ina jin ɗumin numfashinsa, ina jin gemunsa na sosa mini kunci, amma ko kalma ɗaya ba ta shigo ba. Na juya masa ɗayan kunnen. Haka.

Na ɗago na ce, "Yaya, na kurumce. Tun hawan dutsen nan ban ji. Sai an yi ihu."

Ya tsaya yana dubana. Sai na ga dariya ta taso cikin idanunsa, irin wadda yake yi in na yi wauta muna yara. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya kama hancinsa da yatsu biyu, ya kumbura kumatun da suka rage masa, ya saki, ya nuna ni.

Na fashe da dariya. Na ce, "To, wannan kam ko kurma ya ji. Daudawarka ce, kai ka aike ni. Mutanen mota ma haka suka yi mini tun daga ƙasa."

Ya girgiza kai. Ya sake kama hanci, ya sake kumbura kumatu, ya nuna ni da ƙarfi.

"Na ji, na ji, ina wari. Shekara da shekaru ba ka gan ni ba, abin da za ka tare ni da shi ke nan? Bari in yi wanka in sa riga mai tsabta, in zo mu san dabarar da za mu yi."

Na tashi, ya riƙe gefen rigata. Na zaci wasan ne bai ƙare ba. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ba su da nauyi ko kaɗan, na mayar masa da hannun ƙarƙashin bargo, na ce yanzu zan dawo.

A can ba a wanka da ruwan sanyi, sai an ɗora a wuta, itacen kuwa jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Na tsuguna bakin murhu ina jira. Da ruwa ya yi zafi na cuɗa jikina da sabulu har fata ta yi zafi, na sake cuɗawa, don kada ya samu abin faɗa. Na sa rigar sallata. Na shiga ina ƙamshi, na tarar ya yi barci. Ɗiyarsa ta yi mini alama in bar shi ya huta, ya daɗe bai samu barci irin wannan ba.

Bai farka ba. Washegari da hantsi, ina zaune kusa da shi riƙe da hannunsa, na ga matarsa ta ɗora hannu a ka. Ko fitar numfashinsa ban ji ba.

Muka kai shi makwancinsa a gefen wani tudu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka zaunar da ni a gaba tun da ni ne ɗan'uwa. Mutane suka yi ta zuwa, Fillani da Mambila da Hausawan kasuwa, ba wanda na sani, kowa ya san shi. Su durƙusa, bakinsu ya yi motsi, in ce amin. Wani ya zo ya yi magana na ce amin, ya sake yi na ce amin, sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauki butar da ke bayana. Ashe ita yake tambaya. Da yamma ɗiyar wana ta yi miya da abin da na tsira da shi na daudawa. 'Yan gidan suka ɗanɗana don kunyata suka janye hannu. Ni kaɗai na cinye, ba na ko jin ɗanɗanonta saboda mura.

Bayan an share makoki, wata safiya ina zaune bakin ƙofa ina sakace kunne da tsinken ashana, ta zo ta tsaya kaina. Ta sunkuyo ta yi magana da ƙarfi.

"Baffa, dama can ba ka ji, ko a hanya ne?"

"A hanya ne, ɗiyata. Da kunnena garau na baro gida. Tsufa ne ya tare ni a hawan dutsenku."

Ta riƙe baki. "Ba tsufa ba ne, Baffa! Hawan ne! Kowa ya hau sai kunnensa ya toshe, balle mai mura. Ba wanda ya gaya maka? Yi haka!"

Ta kama hancinta da yatsu biyu, ta rufe baki, ta kumbura kumatu.

Na daɗe ina dubanta. Ta zaci ban gane ba, ta sake yi.

Na kama hancina. Na hura, ba komai. Na sake hurawa har idanuna suka kawo ruwa. Sai wani abu ya yi ƙara cikin kaina, kamar an fasa ƙwaryar da ta bushe, kunnen dama ya buɗe. Na haɗiye yawu, na hagu ya biyo. Duniya ta zubo mini gaba ɗaya: ruwa na ɗiga daga bakin kwano, kaza na kiran 'ya'yanta, goyon da ke bayanta yana tsotsar yatsa. Har tsotsar yatsan nake ji.

Ta ce, da muryarta ta kullum, ashe siririya ce mai daɗi, "Ya buɗe ko? Ai ko yara sun san wannan."

Na ce, "A garinmu ba a hawa komai sai jaki da rumbu."

Ta yi dariya, ta ga ni ban yi ba, ta daina.

Na ce, "Maganar da babanki ya kira ni dominta, ya gaya miki?"

"A'a, Baffa. Ashe ba ku yi ba? Da na ga kun daɗe na ce kun gama."

"Uwarki fa?"

Ta shiga ta tambayo, na ji suna Fillanci ƙasa-ƙasa, ta fito tana girgiza kai. "Ta ce ta sha tambayarsa. Kullum cewa yake sai ƙanena ya zo, shi kaɗai zai gane."

Ranar da zan sauka na ce su ba ni ɗan lokaci kafin mota ta cika. Na hau tudun ni kaɗai, da takalmin wana a ƙafata, ya yi mini yawa. Ƙasar kabarin ja ce, ruwa ya lallasa ta, har ciyawa ta fara leƙowa. Na yi masa addu'a iyakar abin da na iya. Sannan na duba hagu da dama, ba kowa, na tsuguna wajen kansa na karkata.

Na ce, "Yaya, ya buɗe. Duka biyun. Hwaɗi, ina ji."

Iska na kaɗa dogayen itatuwan nan. Wata saniya na kuka a tudun da ke fuskantarmu, wata na amsa mata. Can nesa ƙasa wata babbar mota na fama da hawa, ina jin duk sanda direbanta ya canza giya. Daga tasha aka fara danna oda ana kiran fasinja.

Na ƙara ba shi ɗan lokaci, don shi dama ba mai saurin magana ba ne. Sannan na tashi na kaɗe riga.